Tafiyata zuwa Seged, Garin Tattasai da Awon Sinadarai

Na ga ya wajaba in rubuta wa 'yan'uwa labarin tafiyar da na yi zuwa birnin Seged na ƙasar Hangari, domin tun da na dawo babu majalisar da zan zauna a Zariya face an tambaye ni abin da ya kai malamin kimiyyar sinadarai wata uwa duniya da ƙullin zoɓo da garin 'ya'yan kuka a jakarsa. Dalilin kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan kalmar antioksidan ta cika gari, masu tallar magani da lasifika suna faɗinta a bakin kasuwa, ana rubuta ta a jikin gorar zoɓo, ɗalibanmu kuma suna cika kundayen digirinsu da alƙaluman awonta, har na ji raina ba zai natsu ba sai na zauna gaban waɗanda wannan awo ya zama sana'arsu ta kullum, na ga yadda suke yi, na kuma ji iyakar abin da suka yarda awon yana iya shaidawa.

Ga wanda bai karanci fannin ba, asalin maganar ita ce iskar oksijin da rayuwarmu ta dogara gare ta, ita ce dai ke cin ƙarfe ya yi tsatsa, ta juya ɗanɗanon man gyaɗa idan ya kwana biyu a buɗe, ta sa yankakken dankali ya yi duhu. A cikin jiki ma, sa'ad da ake ƙona abinci don samun ƙarfi, akan sami waɗansu ƙwayoyin sinadari da ke da elektaron guda wanda ba shi da abokin zama, su kuwa ba su hutawa sai sun fizgi na maƙwabcinsu, ko da maƙwabcin nan kitsen bangon ƙwayar halitta ne. Duk sinadarin da zai miƙa musu abin da suke nema kafin su yi ɓarna, shi ake kira antioksidan.

Sha'anin biza a Abuja da takardun izinin fita da tsirrai ba zan tsaya a kansu ba, an yi an gama. Na bar Zariya bayan sallar asuba a ƙarshen watan Satumba, damina tana haramar ɗaukewa, dawa ta fitar da kai hagu da dama tun daga Hunƙuyi har Kwanar Ɗangora, shinkafar Kadawa da Kura kuwa kore shar iyakar ganinka. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Alƙahira, jirgin cike da 'yan kasuwa da ɗalibai da marasa lafiya masu neman magani a Masar, har wani dattijo da ke gefena, da ya ji sana'ata, ya ce, "To Malam, tsakani da Allah zoɓon nan yana sauke hawan jini kuwa?" Na ce masa, "Baba, ka riƙe maganin da likita ya ba ka, abin da zan je nema ke nan." A filin jirgin Alƙahira na sayi kofi guda na karkade, wanda shi ne zoɓonmu ba ragi ba ƙari, da kuɗin da a Sabon Gari zai shayar da mutanen gida guda.

Na kwana a Budafest a wani ƙaramin masauki mai tsabta, ɗakin da ƙyar ya ɗauki gado da dardumar salla. Kogin Danub ya raba birnin biyu, Buda a kan tudu, Fest a shimfiɗe. Da hantsi na hau tudun na ziyarci hubbaren Gul Baba, wani sufi Baturke da ya rasu a 1541, shekarar da Daular Usmaniyya ta ci Buda, wadda ta riƙe har 1686, na yi masa addu'a, ina mamakin yadda mutanen da ba Musulmi ba suka kiyaye wurin, suka dasa masa furanni, ba ko takarda ɗaya a ƙasa. Daga nan na nufi tashar jirgin ƙasa ta Nyugati, wadda kamfanin Eiffel na Faransa ya gina aka buɗe a 1877, rufinta duk ƙarfe da gilashi.

Tafiyar jirgin zuwa Seged ba ta kai awa biyu da rabi ba, amma ta ishi mai lura karatu. Da an fita birni sai ƙasa ta miƙe sumul, ba dutse ba tudu, ta tuna mini da filayen Haɗejiya, sai dai nan gona ɗaya takan ci tafiyar mintoci, masara da furen rana sun bushe a tsaye suna jiran injin girbi, ba ka ganin mutum ko ɗaya da fartanya. Muka wuce Keckemet, garin lambunan 'ya'yan itace. Kuɗinsu sunansa forint, a lokacin tafiyata Yuro ɗaya kusan forint 400 ne, saboda haka baƙo yakan razana da yawan sifirin da ke jikin takardar farashi kafin ya saba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne minti ɗin da aka rubuta a tikiti a kansa muka isa.

Wani yaro Bakatsine mai karatun haɗa magunguna, cikin waɗanda gwamnatin Hangari ke ba tallafin karatu, shi ya tarye ni a tasha. Ya durƙusa a gaban Turawa ya gaishe ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, an zo lafiya? Yaya aka baro gida?" ya karɓe jakata, ya ƙi yarda in biya kuɗin taragon lantarkin da ya kai mu cikin gari. Ya saukar da ni gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ke ba baƙin jami'a hayar ɗaki. Ba ta jin Ingilishi sai kalma ɗai-ɗai, ni kuwa ba na jin harshenta ko kaɗan, amma da yaron ya gaya mata ba na cin naman alade, ba na shan giya, washegari na tarar ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi da wuƙa, ta ɗaura wa kowanne koren zare a mariƙi, ta ware musu kusurwa guda a kicin, tana nuna su tana nuna ni. Na sha ganin karamci a ƙasarmu, inda ake yanka wa baƙo kazar da ita kaɗai ta rage, amma wannan na tsohuwar ya shiga raina ƙwarai, domin ta girmama addinin da ba nata ba ne ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Seged gari ne na mutum wajen 160,000 a bakin kogin Tisa, kusa da iyakar Sabiya da Romaniya. A watan Maris na 1879 kogin ya yi ambaliya da dare ya share garin, cikin gidaje fiye da dubu biyar ƙasa da ɗari uku suka tsaya, manyan biranen Turai suka aiko da gudummawa, shi ya sa har yau babbar hanyar da ta kewaye garin aka yanka ta kashi-kashi da sunayen Landan da Faris da Rum da Biyana da Mosko da Burasel. Abincin da suke alfahari da shi farfesun kifin kogi ne, wanda suke fara dafa ƙananan kifaye da albasa har su narke, su tace ta rariya, sa'an nan su zuba garin tattasai mai yawa su saka manyan yanka. Ja ne wur, mutum ya gani ya ɗauka bakinsa zai kama wuta, alhali kuwa yaron goye ma zai iya sha, don tattasan nasu, wanda suke kira paprika, an zaɓe shi ne saboda launi da ƙanshi. A lokacin, kwano guda a gidan abinci ya haura forint 3,000. Burodi da madara da dankali suna da sauƙi gwargwadon albashinsu, naman rago kuwa sai mai hali, kuma wanda aka yanka bisa shari'a sai a shagunan Larabawa da Turkawa. Akwai wata rijiya mai ruwan zafi a tsakiyar gari da ake kira rijiyar Anna, inda tsofaffi ke layi da goruna suna ɗiba kyauta don ciwon ciki, na ce a raina ashe neman waraka a ruwa ba mu kaɗai ba ne.

Farfesan da ya karɓe ni bai fara kai ni ɗakin gwaji ba. Ya zagaya da ni dandalin babbar majami'ar garin, wanda gine-ginen jami'a na jan bulo suka kewaye, ya tsaya a ƙofar ginin da Albert Szent-Györgyi ya yi aiki, ya ba ni tarihinsa. Wannan masani, haifaffen 1893, tun yana Holan ya lura da wani abu da kowa zai raina: akwai wani gwaji da ruwa ke juyawa shuɗi nan take idan an haɗa sinadaransa, amma in an sa ruwan tsiro a ciki sai launin ya yi jinkiri kamar na ƙiftawar ido kafin ya bayyana. Ya ce lalle akwai abin da ke tare oksijin ɗin na ɗan lokaci, ya bi sawunsa har ya fitar da shi tsantsa a Kambirij a 1928, daga ƙullutun da ke bisa ƙodar shanu da kuma lemo da kabeji. Da ya komo Seged, wani matashi ɗan Amurka mai suna Joseph Svirbely ya zo wurinsa a 1931, suka ciyar da ɓerayen Masar wannan sinadari, suka ga ya kare su daga ciwon nan mai zubar da jinin dasashi wanda ya daɗe yana hallaka matuƙa jiragen ruwa, a 1932 suka bayyana cewa shi ne bitamin C. Ana ba da labari cewa a shekarar nan matarsa ta kawo masa ɗanyen tattasai da abincin dare, bai ji sha'awar ci ba, ya ɗauke shi zuwa ɗakin gwaji, kafin gari ya waye ya gane tattasan Seged taska ce ta wannan bitamin, abin da dā ake samu gram-gram ya koma ana samunsa da kilo. A 1937 aka ba shi kyautar Nobel.

Farfesa ya ce, "Dakta, ka riƙe sauran labarin, don shi ya fi amfani gare ka." A 1936 Szent-Györgyi da abokin aikinsa Rusznyák sun fitar da waɗansu sinadarai masu launi daga lemo da tattasai, dangin flabonoid, suka sa musu suna bitamin P, suna zaton su ma jiki ba ya iya rayuwa sai da su. Aka yi ta gwadawa a wurare dabam-dabam, hujjar ba ta tsaya ba, a 1950 masana suka janye sunan. Ka ga mutum ɗaya, gari ɗaya, tsiro ɗaya, da'awa biyu: wadda jiki mai rai ya shaida ta tabbata, wadda bai shaida ba ta faɗi, girman mai da'awar bai cece ta ba.

Wadda ta koya mini aikin da hannu wata ma'aikaciya ce mai furfura, mai ƙarancin magana. Gwajin farko shi ne na DPPH, wanda Marsden Blois na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1958. Shi DPPH gari ne baƙi-baƙi da ake ajiyewa a firiji. Ta auna kusan miligram 4 a sikelin da ke cikin akwatin gilashi, don numfashin mutum ma yana motsa shi, ta narkar a mililita 100 na metanol, sai ga ruwa mai launin shuɗi da ja a gauraye, mai duhu, kyakkyawa, ta yi maza ta naɗe kwalbar da takardar alminiyam domin haske yana kashe shi. Shi wannan sinadari yana da elektaron mara abokin zama, amma yana da haƙurin zama a kwalba, kuma launinsa daga maraicin nan yake. Da zarar antioksidan ya miƙa masa abin da ya rasa, launin sai ya kwanta ya koma rawaya-rawaya. Ta ɗauko faranti mai ramuka 96, ta jera tsimin samfurorina daga mai kauri zuwa tsararo, kowane kauri rami uku, ta zuba ruwan DPPH a kansu, ta sa a aljihun tebur minti 30, kāna ta tura cikin na'urar awon haske da aka saita a nanomita 517. Ramukan bitamin C, wanda aka sa don ya zama mizani, tun kafin ta rufe aljihun suka washe. Na garin kuka ma ba su ɓata lokaci ba, abin da bai ba kowa mamaki ba, tun da bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi sau da yawa. Daga alƙaluman ake lissafa kaurin tsimin da ya kashe rabin launin, ana kiransa IC50, gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon ƙarfin samfurin.

A kan zoɓo ne ta tsaya. Ta jera wani layi dabam na tsimin zoɓo da metanol kawai, ba DPPH, ta tura shi na'ura, sai ga na'urar ta ba da adadi mai yawa alhali babu abin da ake aunawa a ciki. Ta ce, "Dakta, dubi nan." Ashe jan launin zoɓo, wanda sinadaran antosayanin ke bayarwa, yana shan haske a kusan nanomita 520, watau dab da inda ake karanta DPPH, na'urar kuwa ba ta rarrabe jan zoɓo da launin da ya saura, duka take haɗawa ta ba ka. Wanda bai cire adadin wannan layi daga lissafinsa ba zai zalunci zoɓo ya rubuta shi rarrauna, kuma gwargwadon kaurin tsimin gwargwadon girman zaluncin. Karan dafi ma, da na kawo 'yan ɓawonsa, haka ta yi masa taka-tsantsan. Hankalina ya tashi matuƙa, domin na tuna kundaye da maƙaloli da yawa da suka ratsa hannuna a kan zoɓo waɗanda babu ambaton wannan layi a cikinsu ko sau ɗaya.

Saboda irin wannan ne ba sa yanke hukunci da gwaji guda. Da yamma ta haɗa sinadarin ABTS da wani gishirin fotasiyam ta bar su a duhu su kwana, awa 12 zuwa 16, da safe suka zama ruwa kore mai shuɗi-shuɗi wanda ake karantawa a nanomita 734, nesa da jan zoɓo, bisa tsarin da Re da Rice-Evans da abokansu na Landan suka gyara a 1999. Na uku shi ne FRAP, na Benzie da Strain, 1996, wanda ke duba ikon samfuri na juyar da sinadarin ƙarfe daga hali zuwa hali a ruwa mai tsami, a nan launi ƙaruwa yake yi, shuɗi, a nanomita 593. Da muka jera sakamakon uku, jerin gwanayen bai zo daidai ba, wanda ya yi gaba a wannan ya ja baya a wancan, ganyen zogale kuma hukuncinsa ya sauya da aka jiƙa shi a ruwa maimakon metanol. Ba kuskure ba ne, kowane gwaji tambayarsa dabam. FRAP ba ya ganin gulutatayon, wanda yana cikin manyan masu tsaron jikin ɗan Adam. Masana uku na Faransa, Brand-Williams da Cuvelier da Berset, sun nuna tun 1995 cewa wani sinadarin cikin daƙiƙoƙi yake gama aikinsa da DPPH, wani sai ya ci awoyi, don haka minti 30 ɗin nan al'ada ce kawai aka yi ittifaƙi a kanta. Shi kansa IC50 yana sauyawa da kaurin DPPH da aka fara da shi, saboda haka kwatanta na ɗakin gwaji biyu kamar kwatanta farashin hatsi ne a kasuwa biyu da mudunsu ba ɗaya ba, shi ya sa suke mayar da kowane sakamako zuwa ma'aunin Trolox, wani ɗan'uwan bitamin E mai narkewa a ruwa.

Ranar Juma'a yaron nan Bakatsine ya kai ni wani ɗaki da Musulmin garin ke salla, yawancinsu ɗaliban likitanci, Larabawa da Turkawa da 'yan Fakistan da namu, bayan an idar suka yi ta rige-rigen gayyata ta cin abinci, ɗalibanmu suka yi nasara, suka tuƙa mini tuwon shinkafa da miyar kuka daga guzurin da iyayensu suka haɗo musu. Asabar kuma Farfesa ya ɗauke ni a motarsa zuwa ƙauyen Roske, dab da iyakar Sabiya, inda na ga tattasai an shirya shi a zare an rataye a ƙarƙashin rufin gidaje yana bushewa a inuwa da iska, ba a shanya shi a ƙasa gefen titi yadda muke yi da namu ba. Manoman sun san rana mai zafi da ajiya mai tsawo suna cinye launi, launi kuwa shi ne farashi.

A hanyar komowa na yi wa Farfesa tambayar dattijon cikin jirgi. Ya ce DPPH da ABTS babu su a jikin kowa, an zaɓe su ne don suna da launi kuma suna zama lafiya a kwalba, abin da mutum ya sha kuwa sai ya ratsa ciki da hanji da hanta, kuma ɗan kaɗan ne na antosayanin ke isa jini a siffarsa ta asali. Ya tuna mini da gwajin ƙasar Finlan da aka buga a 1994, inda aka bi maza masu shan taba sama da 29,000, aka tarar waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, wadda ake yabo a matsayin antioksidan, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Ya ce Ma'aikatar Gona ta Amurka tana da dogon jadawali na ƙarfin antioksidan ɗin abinci, a 2012 ta janye shi da kanta, don 'yan kasuwa sun mai da shi abin talla alhali babu dalilin da ya haɗa alƙaluman da lafiyar mai ci. Batun zoɓo da hawan jini kuwa, ya ce an yi gwaje-gwaje a kan mutane, a can ake neman amsarsa, farantin ramuka 96 ba shi da ta cewa a ciki.

Wannan bai rage darajar awon a idona ba. Ƙasarmu tana fitar da zoɓo mai yawa daga Jigawa da Kano zuwa Meziko da wasu ƙasashe, na kuwa gan shi a shagunan Seged cikin 'yan jakunkunan shayi, kwali ƙarami da bai cika tafin hannu ba a kan kuɗin da zai saya maka kwano a Dawanau. Awon nan zai gaya wa manominmu ko shanyar inuwa ta fi ta rana, ko wata nawa buhu zai yi a sito kafin ƙarfinsa ya ragu, wane iri ya fi wane, da wane tsimi ne zai tsare man gyaɗa daga lalacewa. Kayan aikin ma ba su fi ƙarfinmu ba, irin na'urarsu akwai ta a jami'o'inmu da dama. Bambancin da na gani shi ne su sukan yi odar sinadari ya iso cikin mako a sanyaye, namu kuwa ya yi watanni a hanya, ya zo ya zauna a firijin da wuta ke ɗaukewa, ɗalibi ya auna da abin da ya riga ya mutu.

Ranar tafiyata tsohuwar ta ba ni ƙullin garin tattasai da kwalbar zuma, ta raka ni har bakin titi. Na biyo ta Budafest da Alƙahira, na sauka Kano hunturu ya fara busawa. Roƙona ga shugabannin sassan kimiyya na jami'o'inmu shi ne su sama wa firijin sinadarai wutar sola tun kafin su sayi wata sabuwar na'ura, ga 'yan'uwana malamai masu duba kundaye kuma, kada mu sa hannu a kan kundin da ya auna zoɓo ba tare da layin cire launi ba, ko ya dogara ga gwaji ɗaya tak, ko ya rubuta a babinsa na ƙarshe cewa tsiro kaza yana maganin ciwon suga ko sankara don kawai ya kashe launin DPPH a cikin kwalba.